Haƙorin Da Ya Rasa Wurin Fita

Darasin kiwon lafiya domin ƙungiyoyin manoma da na mata

A daminar da ta wuce mun kai ziyara wani ƙauye a ƙasar Bungudu domin mu duba gonakin gwaji na waken soya. Gonar da muka fi sa wa rai ita ce muka tarar ciyawa ta cinye. Muka tambayi dalili, aka ce mai gonar yana kwance, yau kwana tara. Muka iske shi a zaure, saurayi ne mai shekara 24, ya ɗaure haɓa da rawani. Kuncinsa na hagu ya kumbura, bakinsa ba ya buɗuwa sai kamar kaurin yatsa ɗaya, ba abin da ya ke iya sha sai kunu. Mahaifinsa ya ce mana, "Malam, wannan karo na uku ke nan. Ciwon ya kan tashi, mu sa magani, ya kwanta." Muka ce, "Baba, ciwon da ya dawo sau uku zai dawo na huɗu. Ka yarda a kai shi Gusau."

A asibiti aka ɗauki hoton muƙamuƙinsa, sai ga haƙorin ƙarshe na ƙasa ya karkata ya tokare maƙwabcinsa. Aka ba shi magani kumburin ya saɓe, sa'an nan aka cire haƙorin. Ya warke sarai. Amma noman farko da maimai sun wuce shi, kuma tumaki biyu sun tafi wajen biyan 'yan ƙwadago da kuɗin magani. Da an duba haƙorin nan da rani, tun tashin ciwon na fari, da hasarar ba ta kai haka ba. Wannan shi ya sa muka ga ya kamata mu yi darasi a kansa.

1. Wane haƙori ne wannan?

Yaro yana da haƙora 20. Bayan ya yi famfara, babban mutum ya kan sami 32, watau 16 a sama, 16 a ƙasa. A can ciki, a kowane gefe, akwai manyan haƙora uku masu faɗi waɗanda mu ke tauna da su, su ne turame ko matauna. Turmi na fari ya kan fito wajen shekara 6, na biyu wajen shekara 12. Na uku shi ne autan haƙora, ya kan fito tsakanin shekara 17 da 25, ko da ya ke a wurin waɗansu ya kan riga haka. Turawa suna kiransa haƙorin hankali, gama ba ya fitowa sai mutum ya yi hankali. Huɗu ne, biyu a sama, biyu a ƙasa. Waɗansu mutane ba su da su duka huɗu, wannan kuwa ba ciwo ba ne.

Kowa ya san abin da ke faruwa da wanda ya zo a makare wajen rabon fili, sai ya tarar an cinye wuri. Haka abin ya ke ga autan haƙora. Sa'ad da ya tashi fitowa sauran haƙora sun riga sun kama wurarensu. A gabansa ga turmi na biyu, a bayansa ga ƙashin muƙamuƙi wanda ya miƙe sama zuwa kunne. In filin da ke tsakaninsu ya isa, sai ya fito lafiya, ya yi aikinsa har tsufa. In bai isa ba, sai ya maƙale cikin ƙashi, ko kuwa ya leƙo rabi ya tsaya. Na ƙasa sun fi na sama maƙalewa, sun kuma fi ba da wahala.

Masana da yawa suna ganin abinci yana da hannu a ciki. Kakanninmu sun tauna rake, da ƙilishi, da gasasshiyar masara, da tsakin dawa tun suna yara, muƙamuƙinsu ya yi faɗi, haƙoransu kuma suka ɗan side, wuri ya samu. Abincin zamani mai laushi ba ya ba muƙamuƙi aiki haka. Gado ma yana ciki, gama girman muƙamuƙi da na haƙora daga iyaye a ke ɗaukarsu. Ba laifin kowa ba ne, ba kuwa sammu ba ne.

2. Yadda ya ke kwanciya

Likitan haƙori ba ya fara cirewa sai ya san yadda haƙorin ya ke zaune cikin ƙashi. A shekarar 1926 wani likitan haƙori na Amurka mai suna George Winter ya karkasa irin kwanciyar da haƙorin nan ya ke yi, har yau kuwa da tsarinsa a ke aiki. Manyan su huɗu ne:

(a) Mai karkata gaba. Kansa ya jingina da turmi na biyu, kamar karan dawa da iska ta kwantar a kan ɗan'uwansa. Wannan shi aka fi samu a binciken da aka yi a ƙasashe da yawa, har da asibitocin koyarwa na Nijeriya. Abinci ya kan maƙale a kusurwar da ke tsakanin haƙoran biyu, inda asuwaki ba ya kaiwa, sai turmi na biyu ya ruɓe.

(b) Mai tsayuwa daidai. Ya miƙe sosai, amma ƙashi ko dasashi ya tare shi, bai kai tsayin sauran ba. Sau da yawa wani ɗan leɓen nama ya kan rufe bayansa.

(c) Mai kwanciya. Ya kwanta a gicce cikin ƙashi kamar doya a kunya, kansa yana tunkuɗar saiwar turmi na biyu. Wannan ba zai taɓa fitowa da kansa ba.

(d) Mai karkata baya. Kansa ya juya wajen ƙashin da ya miƙe zuwa kunne. Ba a cika samunsa ba, amma yana cikin masu wuyar cirewa, gama hanyar fitarsa ta nufi cikin ƙashi.

A shekarar 1933 waɗansu likitoci biyu na Amurka, Pell da Gregory, suka ƙara ma'auni biyu. Na fari shi ne zurfi: ko kan haƙorin ya kai tsayin maƙwabcinsa, ko ya tsaya a rabi, ko kuwa yana can ƙasa da wuyan maƙwabcin. Na biyu shi ne fili: ko akwai isasshen wuri a bayan turmi na biyu, ko rabin haƙorin yana cikin ƙashin baya, ko kuwa ya nutse ciki duka. Iyakar zurfinsa, iyakar wuyar aikin.

Me ya sa mu ke koya wa manoma wannan? Domin ido ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ya leƙa bakinka da tocila kan haƙori kaɗai ya gani. Bai san inda saiwar ta nufa ba, bai kuma san kusancinta da babbar jijiyar da ta ratsa cikin muƙamuƙin ƙasa ba, wadda ke sa leɓe da haɓa su ji taɓi. Hoton ƙashi, watau eksire, shi kaɗai ke nuna wannan. Wanda ya kama haƙori mai kwanciya da awartaki ba tare da hoto ba, ko ya karya haƙorin ya bar saiwa a ciki, ko ya karya muƙamuƙin.

3. Abin da ke kawo ciwon

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haƙorin da ya leƙo rabi ya bar tsaga tsakaninsa da naman da ya rufe shi. Tuwo da ɓarɓashin nama suna shiga ƙarƙashin wannan leɓen nama, ƙwayoyin cuta su hayayyafa, wurin ya yi ja, ya kumbura, ya tara mugunya. Haƙorin sama kuma ya riƙa cizon naman da ya kumbura, ciwo ya ƙaru. Wannan shi ne babban dalilin da ke kai matasa wurin likitan haƙori a kan autan haƙora. Ga alamunsa:

Zafi a can ƙarshen baki, wani lokaci har cikin kunne.
Warin baki da ɗanɗano marar daɗi.
Kaluluwa a ƙarƙashin muƙamuƙi.
Baki ya ƙi buɗuwa sosai. Mai lafiya ya kan iya jera yatsunsa uku a tsaye tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa.

Ciwon ya kan lafa bayan 'yan kwanaki, sai mutum ya ce ya warke. Amma tsagar tana nan, haƙorin kuwa bai canja kwanciya ba, saboda haka ciwon zai dawo. Ban da wannan, haƙorin da ya maƙale ya kan ruɓar da turmi na biyu, mutum ya rasa haƙora biyu maimakon ɗaya. Jifa-jifa kuma wata jakar ruwa ta kan tsiro kewaye da wanda ke binne, ta riƙa cin ƙashi a hankali ba tare da zafi ba.

4. Alamun da ba a kwana da su

Mugunyar da ta taru a gindin turmin ƙasa tana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da wuya. Wani likita Bajamushe mai suna Ludwig ya bayyana wannan ciwo a shekarar 1836, likitoci kuma suna kiransa da sunansa. Kumburin ya kan tura harshe sama da baya har ya toshe hanyar numfashi, mutum ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Masu ciwon sukari, da mata masu ciki, da waɗanda jikinsu ya raunana, su ne suka fi shiga haɗari. In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, a tafi babban asibiti a ranar:

Kumburi a ƙarƙashin haɓa, mai tauri kamar itace, musamman in ya kama gefe biyu.
Harshe ya ɗaga, magana ta canja.
Haɗiya ta gagara, miyau yana dalala.
Numfashi da ƙyar, ko mutum ya kasa kwanciya rigingine.
Zazzaɓi mai zafi tare da kumburin fuska.
Baki ba ya ɗaukar yatsa biyu.

Kada a kwantar da irin wannan majinyaci a bayan mota, a bar shi ya zauna. Kada kuma a yi masa tsaga ko ƙaho a wuya.

A lura: kumburin kunci a ƙaramin yaro ba autan haƙora ba ne, gama nasa bai isa fitowa ba. Yana iya zama hangum ko ruɓaɓɓen haƙori. In kuwa dasashin yaro ya yi gyambo mai wari, musamman bayan ƙyanda ko tamowa, a gaggauta kai shi asibiti, gama yana iya zama ciwon noma mai cin fuska. Akwai asibiti na musamman domin wannan ciwo a Sakkwato tun shekarar 1999.

5. Abin da za a yi a gida, da wanda ba za a yi ba

Kafin a kai ga likita, ga abin da zai taimaka. A zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofin ruwa mai ɗumi, a guntsa, a riƙe a gefen da ke ciwo, a zubar, sau huɗu ko fiye a yini. A ci gaba da goge wurin a hankali da buroshi mai laushi ko asuwakin da aka tauna sosai. Babban mutum yana iya shan farasitamol ƙwaya biyu masu miligiram 500, amma kada ya wuce sau huɗu a kwana ɗaya. Kanumfari yana rage zafi na ɗan lokaci. Duk waɗannan sauƙi su ke kawowa, ba su gyara kwanciyar haƙori.

Ga kuma abin da mu ke roƙon jama'a su bari. Mun ga waɗanda suka ɗiga ruwan batir ko fetur, da waɗanda suka cusa kanwa, ko garin taba, ko ƙwayar asfirin a gindin haƙori. Waɗannan suna ƙone nama, su bar gyambo a kan ciwo. Mun ga masu sayen kafso biyu ko uku a kemis ko a tiren mai talla, su sha, su daina da zarar zafi ya ragu. Wannan yana koya wa ƙwayoyin cuta jure wa magani, ran da a ke bukatarsa da gaske sai ya ƙi aiki. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ma'aikacin lafiya ne zai rubuta, a kuma shanye shi duka.

Muna girmama wanzamanmu, sun daɗe suna yi wa jama'a hidima. Amma wannan haƙori ya fi ƙarfin kayan zabira. Ƙarfen da ba a dafa ba kuma yana iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau daga wani zuwa wani. Batun tsutsa a cikin haƙori kuwa, babu ita. Ƙwayoyin cuta ne waɗanda ido ba ya gani, suna cin ragowar abinci mai zaƙi, suna fid da tsami mai huda haƙori. Haka kuma cire haƙori ba ya makantar da mutum, jijiyar gani dabam ta ke da ta haƙori.

6. A asibiti

Mutumin Tsafe ko Bungudu ya fara da babban asibitin garinsu ko ɗakin shan magani mafi kusa, a duba shi, a ba shi takardar turawa in akwai bukata. Likitocin haƙori ba su da yawa a ƙasarmu, galibinsu kuwa a manyan birane su ke. A Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, wadda jama'a ke kira FMC, da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Daga Bungudu zuwa Gusau kamar kilomita 20 ne, daga Tsafe kuwa kamar 50. In aikin ya yi nauyi a kan tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, Zariya.

Ka faɗa wa likita gaskiya: sau nawa ciwon ya tashi, wane magani ka sha, na Bature da na gargajiya. Ka faɗa masa in kana da ciwon sukari, ko hawan jini, ko sikila, ko in jininka ba ya tsayawa da wuri. Mace ta faɗa in tana da ciki tun kafin a ɗauki hoto.

Ba kowane haƙorin da ya maƙale a ke cirewa ba. A shekarar 2000 hukumar da ke tsara ka'idojin jiyya a Ingila ta ba da shawara cewa wanda ba ya ciwo, bai kuma ɓata kome ba, a bar shi, a riƙa dubawa. Wanda a ke cirewa shi ne mai yawan kumbura, ko wanda ya ruɓe, ko ya ɓata maƙwabcinsa, ko ya yi jakar ruwa.

Yawanci ba a sa mutum barci. Allura a ke yi a kashe wurin, za ka ji ana dannawa amma ba za ka ji zafi ba. Likita zai ɗaga naman, in ta kama ya ɗan rage ƙashi, ya raba haƙorin gida biyu ko uku, ya fitar, ya ɗinke. Ranar nan za ka koma gida. In saiwar tana kusa da jijiyar da muka ambata, leɓe ko harshe ya kan yi sanyi kamar ba naka ba. A wurin yawancin mutane wannan ya kan wuce cikin makonni ko watanni, a wurin kaɗan ya kan zauna. Ka tambayi likita abin da hotonka ya nuna. Aikin ya fi sauƙi, ya kuma fi saurin warkewa, ga matashi fiye da wanda ya manyanta, gama ƙashin babba ya fi tauri.

7. Bayan an cire

(a) Ka ciji audugar da aka sa maka kamar rabin sa'a.
(b) Ranar fari kada ka kurkure baki, kada ka riƙa tofar da miyau, kada ka sa harshe ko yatsa a ramin. Gudan jinin da ya daskare a ciki shi ne murfin ciwon. In ya fita, ƙashi ya kan zauna a buɗe, zafi mai tsanani ya taso bayan kwana biyu zuwa huɗu.
(c) Daga rana ta biyu ka riƙa guntsar ruwan gishiri mai ɗumi bayan kowane abinci, har mako guda.
(d) Ka sha kunu, da koko, da fura mai laushi, kada su yi zafi. Ka bar taba da goro tukuna.
(e) Ka huta kwana biyu ko uku, ban da huɗa, ban da ɗaukar buhu.
(f) In jini ya ƙi tsayawa, ko kumburi ya ƙaru bayan kwana uku, ko zazzaɓi ya zo, ka koma asibiti.

8. Ba a fafe gora ranar tafiya

Haƙorin da ya kumbura sau biyu ya riga ya ba da sanarwa. Lokacin zuwa Gusau shi ne bayan kaka, sa'ad da amfani ya shiga rumbu, akwai ɗan kuɗi a hannu, aikin gona kuma ya yi sauƙi. A lokacin mutum zai tafi da ƙafarsa, da rana, ran da ya zaɓa. Wanda ya jira, ciwon ne zai zaɓa masa rana, wataƙila tsakiyar damina, wataƙila tsakar dare. Dukanmu mun san halin rashin tsaro da hanyoyin Tsafe da Bungudu suka shiga a shekarun nan, ba direban da ke son fita bayan magariba. Mai kumburin wuya kuwa ba lalle ne ya kai safiya ba.

Saboda haka muna ba kowace ƙungiya shawara ta yi abu biyu a taronta na gaba. Na fari, a tambayi matasa maza da mata masu shekara 17 zuwa 30, wa ya taɓa kumburi a ƙarshen baki fiye da sau ɗaya? A rubuta sunayensu, a shirya musu tafiya tare a mota ɗaya. Kada a manta da matan aure, gama su ne suka fi ɓoye ciwo, maigida kuwa shi ne zai ba da izini da kuɗin mota. Na biyu, a ware wani abu daga asusun ƙungiya ko adashi domin rancen gaggawa na asibiti, kada neman kuɗi ya cinye ranar da ta kamata a yi tafiya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Haƙora nawa babban mutum ya ke da su, a wace shekara kuma autan haƙora ya ke fitowa?
2. Ku faɗi irin kwanciya huɗu da haƙorin nan ya ke yi. Me ya sa ido ba ya iya rarrabe su?
3. Me ya sa ciwon ya ke lafawa ya kuma dawo?
4. Waɗanne alamu ne ba a kwana da su a gida?
5. Me mutanen ƙauyenku su ke sa wa haƙori mai ciwo? Wanne ne ke taimako, wanne ke ɓarna?
6. In wani ya kamu da kumburin wuya yau da la'asar, motar wa za a ɗauka, wa zai raka shi, daga ina kuɗin zai fito?